Tafin da aka yi wa mai askin Chaplin

Akwai wani guntun bidiyo da ya daɗe yana yawo a WhatsApp da Facebook. Yakan ɓace ya dawo, musamman idan kakar zaɓe ta ƙarato. Hoton baƙi da fari ne: wani ɗan ƙaramin mutum mai guntun gashin baki, sanye da kakin soja, yana tsaye gaban makirufo yana roƙon 'yan Adam su bar ƙiyayya su haɗa kai. Wani ya ɗora wa jawabin kiɗa mai ratsa zuciya wanda babu shi a asali. A ƙarƙashinsa kuma sai ka ga 'yan'uwa masu bi suna rubuta, "Ubangiji, ka ta da mana shugaba irin wannan."

Wannan addu'ar ce ta dame ni. Mintuna kaɗan ne aka gutsuro daga ƙarshen fim ɗin barkwanci na Charlie Chaplin mai suna The Great Dictator, wato babban mai mulkin kama-karya, wanda aka fara nunawa a New York a watan Oktoban 1940. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma kusan duk tsawonsa yana ƙoƙarin warkar da mai kallo ne daga irin wannan addu'a.

Ra'ayina a fili yake. Dariyar da ke cikin fim ɗin ta fi jawabin ƙarshensa kusa da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Kirista ya yi zaɓe, ya yi wa mahukunta addu'a, ya bi su bashin alkawarin da suka ɗauka. Amma begensa, wato abin da ya jingina rayuwarsa da ta 'ya'yansa a kai, bai kamata ya rataya shi a wuyan ɗan siyasa ba, komai kyan halinsa, ko da coci ɗaya suke zuwa.

Yadda ake ƙera mai girma

An haifi Chaplin a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889, aka haifi Hitler bayan kwana huɗu. Gashin bakinsu iri ɗaya ne, kowa ya san da haka a lokacin. Chaplin ya fara ɗaukar fim ɗin a watan Satumban 1939, kwanaki kaɗan bayan ɓarkewar yaƙin duniya na biyu, lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Shi ne fim ɗinsa na farko da aka yi cikakkiyar magana a ciki. Chaplin ya fito a mutum biyu: Adenoid Hynkel mai mulkin wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Tomainia (Hitler ake nufi), da wani Bayahude mai shagon aski wanda ko suna ba a ba shi ba.

Dabarar fim ɗin ita ce ya buɗe maka bayan labule, ka ga kayan aikin da ake haɗa kwarjini da su ɗaya bayan ɗaya.

Dubi jawabin Hynkel na farko. Yana ihu da wani yare mai kama da Jamusanci wanda ba shi da ma'ana, makirufo na lanƙwashewa don tsananin hargowa, taro na tafi kamar ƙasa za ta tsage. Sai ya ɗaga hannu, tafin ya ɗauke ɗif, kamar an rufe famfo. Ga kuma tafinta a rediyo yana rufa masa asiri: bayan Hynkel ya gama zazzaga wa Yahudawa zagi, sai tafinta ya ce mai girma ya ɗan ambaci Yahudawa ne. Wanda ya taɓa jin mai magana da yawun gwamnati yana gyara katoɓarar maigidansa ya san wannan sana'a.

Sai batun kujera. Da Napaloni, mai mulkin ƙasar Bacteria, zai kawo ziyara (Mussolini na Italiya ake nufi), ministan farfaganda Garbitsch ya tsara komai. A sa baƙo ya ratso dogon zaure da ƙafa kafin ya iso teburin mai gida, don ya ji ya ƙanƙance. A ba shi kujera gajeriya don dole ya ɗaga kai in zai yi magana. Napaloni ya ɓullo ta ƙofar baya, ya ɗaka wa Hynkel duka a gadon baya, daga baya ya bar kujerar ya ɗare kan tebur. A ɗakin aski na fada kuma kowannensu ya dinga murɗa kujerarsa sama don ya fi ɗan'uwansa tsawo, har suka kusa taɓa silin.

Wurin da ya fi shahara shi ne rawar da Hynkel ya yi da duniya. Garbitsch ya raɗa masa cewa zai mallaki duniya, za a bauta masa kamar abin bauta. Daɗi ya kwashe shi har ya hau labule. Da aka bar shi shi kaɗai, sai ya ɗauko taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ashe balan-balan ce, ya dinga cilla ta sama da hannu, da ka, har da mazaunai yana kwance kan tebur, ga kiɗa mai taushi na Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, yana tashi. Da ya rungume ta sai ta fashe, ya kifa kai kan tebur yana kuka.

Annabi Ishaya ya yi irin wannan aikin a sura 44. Ya bi maƙerin gunki mataki-mataki: ya sari itace, ya ƙona rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya sassaƙa sauran ya durƙusa masa yana cewa ka cece ni. Ishaya bai yi doguwar gardama ba, ya nuna yadda aka yi abin ne kawai. Wanda ya ga sassaƙa da idonsa, durƙusawa za ta yi masa wuya.

Bashin Epstein da bajon Hynkel

Masu tura guntun bidiyon ba su san da wannan sashe ba, alhali shi ne zuciyar maganar.

Sau biyu unguwar Yahudawa ta sami sauƙi a fim ɗin. Na farko ta hannun Kwamanda Schultz, wani hafsa da mai askin ya ceci ransa a yaƙin 1918. Dakarun Hynkel sun riga sun sa wa mai askin igiya a wuya za su rataye shi a jikin fitilar titi, Schultz ya gane shi, ya ba da umarni a ƙyale shi da mutanensa. Unguwa ta sami nata a cikin gwamnati.

Na biyu kuwa, Hynkel yana neman rancen kuɗin da zai mamaye maƙwabciyarsa Osterlich daga wani attajiri Bayahude mai suna Epstein, don haka ya ce a dakatar da gallazawa har kuɗi su fito. Dare ɗaya dakarun da ke fasa shaguna suka koma masu gaisuwa da ladabi. Hannah, yarinyar da mai askin ke so, ta fara mafarkin cewa wataƙila ba sai sun yi hijira ba. Har ta kai ita da mai askin sun tsaya wurin mai talla za su sayi bajo mai hoton Hynkel su maƙala a ƙirji. Suna riƙe da bajon, lasifika ta ɓarke da muryar Hynkel yana tsine wa Yahudawa, domin Epstein ya hana rancen. Mai askin ya mayar wa mai talla kayansa. Schultz ya ƙi bin umarnin kai farmaki, aka tura shi sansanin gwale-gwale, aka banka wa shagon aski wuta.

Kariya biyu, duka sun tsinke a rana guda. Ɗaya ta dogara ga buƙatar shugaba, buƙata ta ƙare. Ɗaya ta dogara ga mutumin kirki guda, aka cire shi da sa hannu ɗaya. Zabura 146 aya 3 da 4 ta ce kada a dogara ga shugabanni, ko ga ɗan Adam wanda ba ya iya ceto, domin ran da numfashinsa ya fita ya koma ƙasa, a ranar shirye-shiryensa suke rushewa. A lura, ayar ba ta ce duk shugabanni mugaye ne ba. Dalilin da ta bayar shi ne suna mutuwa. Wannan ya haɗa da nagari.

Jawabin da kansa

Ga yadda aka kai ga jawabin. An kama mai askin shi ma an kai shi sansani, sai ya tsere cikin kakin soja, sojoji suka ɗauka Hynkel ne. Hynkel na gaskiya kuma yana farautar agwagwa cikin kayan gida, sojojinsa suka kama shi a zaton mai askin ne. Aka tura mai aski kan dandamali gaban dubban mutane.

Ya fara da kyau. Ya ce ba ya son zama sarkin sarakuna, ya ce masu kama-karya sun hau mulki da alkawarin da ba za su cika ba. Har ya jawo Luka sura 17, ya ce Mulkin Allah yana cikin ɗan Adam, cikin kowa da kowa, don haka iko na hannun jama'a, su yi yaƙi domin duniyar da kimiyya da ci gaba za su kai kowa ga jin daɗi.

Ina girmama zuciyar da ta rubuta wannan a 1940, lokacin da manya da yawa suka yi gum. Amma ayar ba haka take ba. A Luka 17 aya 20 da 21, Farisiyawa ne suka tambayi Yesu yaushe Mulkin Allah zai zo, ya amsa cewa ba a ganin zuwansa da ido har a ce ga shi nan ko ga shi can. Kalmar Helenancin da ta biyo baya tana ɗaukar "a cikinku" ko "a tsakaninku", masu fassara da yawa kuma sun zaɓi ta biyun, domin Sarkin da kansa yana tsaye a gabansu ba su gane shi ba. Chaplin ya cire Sarkin, ya sa jama'a a gurbinsa. Kimiyyar da ya ɗora wa bege kuwa, shekara biyar bayan haka ita ta haifi bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tafin. Da mai askin ya kai ƙarshen jawabin, taron ya ɓarke da shewa. Su wane ne? Sojojin da suka gama mamaye Osterlich, masu sara wa Hynkel jiya. A saninsu har yanzu Hynkel ne ke magana. Sun tafa wa kaki da dandamali da murya mai ƙarfi. Kiɗan da ya rufe fim ɗin, lokacin da Hannah ta ɗaga ido sama, shi ne dai kiɗan Wagner da Hynkel ya yi rawa da duniya a kansa. Fim ya ƙare kafin gari ya waye, Garbitsch yana nan kan dandamali, sansani cike da fursunoni.

Taron da ke jiran mutum guda ya cece shi, duk wanda ya riƙe makirufo shi ne nasa. Yesu ya san irin wannan taro. Bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, Yahaya 6 aya 15 ta ce ya gane za su kama shi ƙarfi da yaji su naɗa shi sarki, sai ya janye ya hau dutse shi kaɗai.

Ba a fim kaɗai aka yi ba

Hitler ya zama shugaban gwamnatin Jamus ranar 30 ga Janairu, 1933. Mutum kusan miliyan shida ba su da aikin yi, ana tsoron 'yan gurguzu masu rufe majami'u a Rasha, ga zafin wulaƙancin yarjejeniyar Versailles ta 1919 da aka ɗora wa Jamus bayan yaƙin duniya na farko. Sabuwar gwamnati ta sanar cewa za ta kare addinin Kirista a matsayin tushen tarbiyyar ƙasa. Fastoci da yawa suka ce addu'a ta karɓu.

A zaɓen shugabannin ikilisiyoyin Furotesta na watan Yulin 1933, ƙungiyar da ke kiran kanta Kiristocin Jamus, wadda Hitler ya yi wa kamfe a rediyo, ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. A Satumba aka naɗa mutuminsu Ludwig Müller bishop na ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare, a wani gangami a Berlin, wani jigonsu ya nemi a yar da Tsohon Alkawari saboda littafin Yahudawa ne. Cikin wata goma aka tashi daga "zai kare mu" zuwa yage Littafi.

Martin Niemöller, fasto a Berlin kuma tsohon kwamandan jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, yana cikin waɗanda suka yi maraba da Hitler da farko. An kama shi a 1937, bai fito ba sai 1945. Fasto Dietrich Bonhoeffer kuwa, kwana biyu kacal da hawan Hitler, ya yi gargaɗi a rediyo cewa jagoran da ya yarda mabiya su mai da shi gunki ya zama mai ɓatarwa. An rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu, 1945. A watan Mayun 1934 wasu shugabannin ikilisiya suka taru a garin Barmen na Jamus suka rubuta cewa Yesu Almasihu shi ne Kalmar Allah guda da za a saurara, gwamnati kuma ba ta da hurumin mallake dukan rayuwar mutum. Ko su ɗin ma, takardarsu ba ta ce uffan kan Yahudawa ba, kuma wannan tabo ne a kanta.

Amma ai Allah ne ke naɗa shugabanni

Haka ne. Romawa 13 ta ce a yi biyayya ga mahukunta, 1 Timoti 2 ta ce a yi musu addu'a. Bulus ya rubuta wa Romawa a zamanin Nero sarkin Roma, kuma abin da ya kira mai mulki shi ne bawan Allah, ma'aikaci mai iyakantaccen aiki: hukunta mai laifi, kare mai gaskiya. Masu cewa ɗan takararsu Sairus ne na wannan zamani su koma Ishaya 45, inda Allah ya ce wa Sairus, sarkin Farisa, ya kira shi ko da yake bai san shi ba. Allah ya yi aiki da shi, ba a ce wa Isra'ila su dogara gare shi ba. Dawuda ma, da ya ci amanar Uriya, Natan ne ya shiga fada ya ce masa kai ne mutumin. Annabin da ya yi wa sarki kamfe da wane baki zai faɗi haka?

To mu naɗe hannu ke nan?

A'a. Irmiya 29 aya 7 ta umarci bayin da aka kai Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Wanda ya daina jiran mai ceto ya fi iya siyasa, domin yana kallon ɗan takara kamar magini da zai ba kwangila: me ka gina a baya, nawa ka kashe, yaushe za ka gama? Mai jiran mai ceto ba ya iya tambaya, kuma in gwaninsa ya gaza, ko dai ya yi ta kare ƙarya, ko ya yi fushi da zaɓe gaba ɗaya, wani lokaci har da Allah.

Akwai kuma masu cewa, ana kashe mu, an ƙona mana ƙauyuka, dole mu sami namu a sama. Ba na raina wannan kuka, wanda ya binne ɗa ba a yi masa wa'azin haƙuri daga nesa. Ku zaɓi wanda kuka ga zai tsare rayuka. Amma ku tuna da Schultz. Abin da ke daɗewa shi ne kotun da ke hukunta mai kisa ko wane ne, da 'yan sandan da ke zuwa in an kira, da maƙwabci Musulmi wanda kuka kafa kwamitin tsaron unguwa tare. Waɗannan ba sa ƙarewa da wa'adin mutum ɗaya.

Ba rashin ladabi ba ne yi wa shugaba dariya?

Fitowa 22 aya 28 ta hana zagin shugaban jama'a, kuma hanin yana nan. Zagi yana nufin mutumin ne, ya muzanta halittarsa ko iyayensa. Barkwanci mai kyau yana nufin ƙaryar da aka lulluɓe shi da ita. Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel, Zabura 2 kuma ta ce wanda ke zaune a sama yana yi wa sarakunan da suka haɗa baki dariya. Wanzami ba ya son jarfa: an hana nuna fim ɗin a Jamus da ƙasashen da ta mamaye, Sifaniya ma ba ta gan shi ba sai 1976, bayan mutuwar Franco, mai mulkin kama-karyar ƙasar.

Dariya tana da iyaka. Ba ta tsayar da tankar yaƙi ko ɗaya ba. Chaplin da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da ya san ainihin abin da ake yi a sansanonin, da bai iya yin fim ɗin ba. Aikinta kafin wuta ta kama ne, lokacin da ake sayar da bajo.

Ranar da ɗan takara ya zo coci

A nan ake gane inda begen ikilisiya yake, kuma ɓarnar tana da matakai sanannu. Ya iso a makare da ayarin motoci, a tsayar da waƙa. A tashi dattawa daga layin gaba a ba shi kujera mai laushi kusa da bagade. A miƙa masa makirufo "ya gaisa da jama'a", gaisuwa ta zama minti ashirin. Ya sanar da gudummawar ginin da ya tsaya shekara da shekaru. Ya durƙusa, a ɗora masa hannu, wani ya ce an nuna masa shi ne zaɓaɓɓe. Dogon zaure da kujera da makirufo da tafinta, duk kayan Garbitsch ne, amma mu muka shirya su da hannunmu. Yakubu 2 aya 2 zuwa 4 ta riga ta yi magana kan mai zoben zinariya da aka ba wurin zama mai kyau, aka ce wa matalauci ya tsaya can.

Gyaran ba shi da wuya in dattawa sun yanke shawara tun kafin kakar zaɓe, suka rubuta ta, don kada a ce wani ake nufi. Ɗan takara ya zauna inda ya sami wuri, a ambaci sunansa cikin baƙi, sujada ta ci gaba. Dokar zaɓe ta Najeriya ta 2022 ma ta hana kamfe a wuraren ibada. In ana son jin ta bakinsu, a kira taro a wani zaure dabam a tsakiyar mako, a gayyaci dukan masu neman kujerar, a ba kowa minti goma daidai, a yi musu tambayoyi iri ɗaya a rubuce: asibitin unguwa, rijiyar burtsatse, albashin malaman firamare, tsaron hanyar gona. Sakatare ya rubuta kowane alkawari da ranar da aka ce za a cika, a karanta littafin a bainar jama'a bayan shekara. Kyautar da ta zo lokacin kamfe gara a ce a dakata da ita sai bayan zaɓe. In an karɓa, ma'aji ya ba da rasit a sanar da adadin, domin kuɗin da aka miƙa wa fasto a ofis shi ke ɗaure masa harshe ranar da ya kamata ya zama Natan. Addu'a kuma a yi wa duka, wanda muka zaɓa da wanda ya kayar da shi.

Wanda guntun bidiyon ya burge, kafin ya tura wa wani, ya nemi cikakken fim ɗin ya kalla daga farko. Ya lura da hannun Hynkel lokacin da ya kashe tafi a jawabin farko, ya lura da fuskar mai askin lokacin da yake mayar da bajo, sannan ya saurari tafin ƙarshe ba tare da kiɗan da aka ɗora masa ba.